Makarantar Wasu a Allon Wayarmu

Akwai wani shagon cajin waya a unguwarmu, Fadaman Mada, wanda da zarar an tashi daga makaranta wajen ƙarfe biyu sai ka ga ƙofarsa ta cika. Yara ne 'yan sakandare, wasu ko yunifom ba su cire ba, kowa da memori ko wayar yayansa a hannu, suna jira a tura musu fim. Mai shagon ya san kowa da abin da yake so. Masu son faɗa da harbe-harbe daban, masu bin Labarina da Izzar So daban. Sai kuma wani rukuni, wanda 'yanmata suka fi yawa a cikinsa, su tambayarsu ɗaya ce kullum: "Akwai sabo na 'yan makaranta?" Ba ruwansu da ko na Amurka ne, ko na Koriya, ko Indiya fassarar Algaita. In dai akwai aji da allo, akwai yaran da ke rigima a kan wa zai zauna kusa da wa, to a tura.

'Yar ƙanina tana aji biyar, kuma tana cikin wannan rukuni. Wani dare bayan isha'i na tarar da ita a tsakar gida a kan tabarma, waya a hannu, abin sauraro a kunne, tana ta ƙyalƙyala dariya ita kaɗai. Sunan mahaifiyarmu gare ta, don haka na ce, "Mamana, me ya samu haka?" Ta zare ɗaya daga kunnenta ta miƙo mini. Mean Girls ne, na 2004, daidai wurin da ake zana wa sabuwar ɗaliba taswirar ɗakin cin abinci, ana nuna mata teburin 'yan ƙwallo, da na haziƙai, da na waɗanda ba a zama da su, da teburin 'yanmata uku da makaranta duka ke shakka.

"Baffa, wallahi kamar ajinmu," in ji ta. "Wannan shugabar tasu akwai irinta sak a layinmu, sai dai tamu da hijabi take yin nata mulkin."

Na daɗe ina juya maganar nan. Makarantar da ke cikin fim ɗin ba ta yi kama da tata ta ko'ina ba. Can ɗalibai a mota suke zuwa, ba yunifom, ba asambili a rana, ba bulala, maza da mata a cakuɗe. Ita kuwa a ƙafa take tafiya, su uku ko huɗu a benci guda. Duk da haka ta kalli waɗancan ta ga ajinsu. Abin da ta gani shi ne ainihin abin da ke sayar da irin waɗannan fina-finai a duk duniya, kuma mu manya mukan kasa ganinsa saboda idonmu na tsayawa a kan gajeren siket.

Irin wannan fim bai daɗe a duniya ba, don ita kanta rayuwar da yake nunawa ba ta daɗe ba. A Amurka sai wajen shekarun 1940 zuwa sakandare ya zama abin da yawancin matasa ke yi. Kafin nan yaro ya tasa sai gona ko masana'anta. Da aka tara miliyoyin matasa wuri guda na shekara huɗu, su ba yara ba su ba manya ba, sai suka ƙirƙiri duniyarsu, da salon maganarsu da suturarsu da kiɗansu. A shekarun 1950 talabijin ya zaunar da iyaye a gida, gidajen silima suka ga matasa ne suka rage musu, sai aka fara yin fim dominsu. Na farko-farkon, kamar Rebel Without a Cause na 1955, fina-finan fargaba ne, matashi a cikinsu abin tsoro ne. Barkwancin ya kankama ne a shekarun 1980 a hannun John Hughes, wanda ya yi The Breakfast Club a 1985: ɗalibai biyar da ba sa ga maciji, an tsare su a laburare ranar Asabar don horo, kafin yamma kowa ya gane abin da ke cin ɗan'uwansa a gida. Daga nan aka samu Clueless a 1995, da 10 Things I Hate About You a 1999, har zuwa High School Musical na 2006.

In ka duba, mu ma hanyar da muka biyo ke nan, sai dai a makare. A ƙasar Hausa ta da, budurci ɗan gajeren zango ne tsakanin ƙuruciya da ɗakin miji, kuma dandali ne wurin da samari da 'yanmata ke auna juna. Zamanin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ke koyarwa a Midil ta Bauchi, masu wuce elemantare 'yan ƙalilan ne. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ne ya buɗe ƙofa ga jama'a, sannan tsarin 6-3-3-4 ya zo a shekarun 1980, sai shirin UBE da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999. Yau yarinya a cikin garin Bauchi takan yi shekara shida a sakandare tare da sa'o'inta, daga tana sha ɗaya ko sha biyu har ta kai sha bakwai ko sha takwas. Dandali ya tashi ya koma cikin aji. Duk wata gasar ado, da ƙawance, da gaba, da habaici da ake yi a hasken farin wata, yanzu a lokacin tara ake yin su, a gindin bishiyar darbejiya, kusa da mai awara.

To sakandare ita ce wuri na farko da yaro ke sanin gwargwadonsa a idon mutanen da ba danginsa ba. A gida kai ɗan wane ne, ko ba ka iya komai ba ana son ka. A aji kuwa sai an auna takalminka, da jakarka, da Turancinka, da kuɗin tararka, da wanda ke kawo ka da safe da abin da ya hau. Ba wanda ya rubuta wannan doka a allo, amma cikin mako biyu kowane ɗan aji ɗaya ya haddace ta. Akwai 'yan gayu, akwai 'yan kujerar baya, akwai ustazan ƙungiyar ɗalibai Musulmi, akwai ɗan lelen malamai da ke rubuta sunayen masu surutu, akwai kuma wanda ba a ma san yana ajin ba sai ranar da aka kira sunansa a rajista. Fim ɗin 'yan makaranta yakan ɗauki wannan dokar da ba a furtawa ya baje ta a fili. Mean Girls ma asalinsa littafin nasiha ga iyaye ne, wanda Rosalind Wiseman ta rubuta a 2002 bayan ta daɗe tana aiki da 'yanmata a makarantu, Tina Fey ta mayar da shi abin dariya. Shi ya sa yarinyar da ke kallo take jin an faɗi abin da ta sani amma ba ta da kalmar faɗinsa. (Abu ɗaya da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da fim ɗin: jarumar ta taso ne a "Afirka", ba a ko damu a faɗi wace ƙasa ba, kuma abin da nahiyar ke tuna mata kawai namun daji ne. Yaranmu na haɗiye wannan tare da dariyar.)

Sai batun kunya, wanda a ganina shi ne zuciyar al'amarin. Babu shekarun da kunya ke yi wa mutum ciwo kamar tsakanin sha uku zuwa sha bakwai. Ni makarantar kwana na yi. Ina aji biyu, ranar bizitin, iyayen wasu suka yi ta shigowa da motoci, ana sauke katan-katan na madara da kulolin shinkafa da kaji. Mahaifina ya iso da la'asar a kan kekensa, ya yi tafiya mai nisa, ƙafafunsa sun yi butu-butu da ƙura, ya ɗauro mini ƙunshin ƙuli-ƙuli da garin kwaki da 'yar robar yaji a bayan keken. Na hango shi daga nesa, sai na laɓe bayan dainin na yi kusan rabin sa'a ina jira mutane su ragu. Da na fito ya ce, "Ɗan nan, na zaci ba ka da lafiya ne," ya dafa goshina. Ya rasu shekaru da dama yanzu, kuma har yau in na tuna tafin hannunsa a goshina sai na ji wani abu ya tsaya mini a wuya. Ban taɓa gaya masa inda na tsaya ba.

Kusan kowane fim na irin wannan yana da kwatankwacin wannan rana: yaron da ke roƙon uwarsa ta sauke shi nesa da ƙofar makaranta, yarinyar da ta yi ƙaryar gidansu, wanda ya juya wa tsohon abokinsa baya don ya samu shiga wurin manyan yara. Abin da barkwanci ke yi shi ne ya ɗora wannan kunyar a kan wani, ya sa ka yi dariya, kana dariyar kana gane cewa ashe ba kai kaɗai ba ne. Da fim ɗin na kuka ne, da yaro ya kashe wayar, don ciwon ya yi kusa da yawa. Dariya ce ke ba shi damar kallon abin har ƙarshe. Da a ce na ga irin wannan ina aji biyu, wataƙila da ban kai rabin sa'a a bayan dainin ba.

Akwai kuma daɗin ganin na sama ya faɗo. Boys Over Flowers na Koriya, wanda aka nuna a 2009 kuma har yanzu ake tura shi a shagunanmu, labarin 'yar mai wanki da guga ne da ta shiga makarantar 'ya'yan attajirai ta ƙi rusuna wa samari huɗu da ke mulkin makarantar. A 3 Idiots na Indiya, shi ma na 2009, kodayake kwalejin injiniya ce ba sakandare ba, abin da ya fi kama zukatan yaranmu shi ne daren da sabon ɗalibi ya ƙi yarda da gwale-gwalen siniyoyi, da yadda ya riƙa kwance wa shugaban kwalejin zani a kasuwa da tambayoyi. Duk wanda ya taɓa yin tsallen kwaɗo daga hostal zuwa famfo saboda wani siniya ya tashi da fushi, ya san daɗin wannan. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A wasan kalankuwa samari da 'yanmata kan naɗa nasu sarki da alƙali da 'yan doka bayan kaka, su kwaikwayi manya a gaban manyan. A wasan gauta matan fada kan kwaikwayi sarki da fadawansa yana zaune yana kallo. Tashe ma haka, yara na yi wa gwauro da mai rowa da malamin da ya kauce hanya shaguɓe, a yi dariya a ba su sadaka. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa na ƙasa na bukatar ranar da zai yi wa na sama dariya ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba.

Manya ma suna kallo, sai dai ba kowa ke yarda ya faɗa ba. Masana halayyar ɗan'adam sun lura cewa in aka ce dattijo ya ba da labarin rayuwarsa, mafi yawan abin da yake tunawa daki-daki ya faru ne tsakanin yana shekara 10 zuwa 30. Ka shiga kowane zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai ka gani: alhazai masu jikoki suna musu har tsakar dare a kan wa ya saci naman dainin a shekarar da suka yi kandi, suna kiran juna da sunayen tsokanar da matansu ba su taɓa ji ba. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma tuwon gabza da ba ya haɗiyuwa a lokacin, yau shi ne abin hira mafi daɗi.

Yanzu ga inda iyaye ke da gaskiya, kuma gaskiyar ba ƙarama ba ce. Wani sashe na waɗannan fina-finai batsa ce tsagwaronta. American Pie na 1999 da Superbad na 2007 an yi su ne a kan samarin da burinsu kawai giya da mata kafin su gama makaranta, kuma a ƙasarsu ma an sa musu alamar ba na yara ba ne. Mai shagon tura fim ba ya duba wata alama, babban fayil guda yake kwafewa ya zuba wa yaro ɗan sha uku. Ko masu tsabtar ma suna da nasu lahani da ba a cika lura da shi ba. 'Yan wasan da ke fitowa a matsayin 'yan sha shida galibi manya ne: Rachel McAdams ta kai shekara 25 lokacin da ta fito a matsayin sarauniyar aji a Mean Girls. Yarinya mai ƙurajen balaga a fuska tana auna kanta da mace baliga da aka yi wa kwalliyar sa'o'i, dole ta ga kanta a ƙasa. Sannan sau da yawa maganin da fim ke bai wa wadda aka raina shi ne ta canja sutura, ta cire tabarau, yaro mai farin jini ya so ta, shi ke nan ta zama mutum. Wannan darasi ne maras kyau ko a Amurka, balle a nan. Haka kuma al'adar rubutu da maka a jikin yunifom ranar gama jarrabawa, wadda ta kai jihohi irin su Yobe da Sakkwato suka haramta ta a 2025, tana nuna yadda yara ke ƙoƙarin yi wa ƙarshen makarantarsu biki irin wanda suke gani a allo da kafofin sada zumunta, tunda ba mu tanadar musu wani namu ba.

Amma da na tambayi kaina me muka ba su a madadi, sai na rasa amsa mai ƙarfi. Kannywood ta yi fina-finan aure da kishi da gado ba adadi. Ta yi camama, marigayi Rabilu Musa Ibro ya sa mu dariya har ya bar duniya a 2014, amma dariyarsa ta ɗan ƙauye ce da ɗan birni, da direba, da boka. Gidan Badamasi ya nuna za a iya yin barkwanci mai dogon zango da iyali duka za su zauna su kalla. Makaranta kuwa in ta fito a fim ɗinmu, yawanci wuri ne kawai da saurayi zai haɗu da budurwa kafin a yanke zuwa waƙa, salon da muka gada daga Indiya tun Kuch Kuch Hota Hai na 1998 da waɗanda suka gabace shi. Ajin kansa, da monita, da leba firifet, da malamin lissafi da aka laƙaba wa suna, da daren da aka tsallake katanga don sayen tsire, ba a cika tsayawa a kansu ba. Kudu sun ɗan fi mu ƙoƙari: I Need to Know, wanda ya fito da Funke Akindele a ƙarshen shekarun 1990, a kan 'yan sakandare aka gina shi, haka Far From Home da Netflix ta saki a Disambar 2022, duk da cewa makarantar da ke ciki ta 'ya'yan masu hannu da shuni ce a Legas, kuma ba barkwanci ba ne.

Tsoro na cikin dalilan. A farkon 2022 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Isma'ila Na'abba Afakallah, ta ce tana neman Aminu Nasara saboda tallar fim ɗinsa mai suna Makaranta, wadda ta ƙunshi kalaman da jama'a da dama suka ga sun wuce gona da iri. Shi kuma ya ce manufarsa wayar da kai game da balaga da abubuwan da ke faruwa a makarantu. Ko me mutum zai ce game da waccan tallar, abin da ya biyo baya shi ne duk furodusan da ya ji an ce "fim ɗin 'yan makaranta" sai ya tuna da rigimar ya ja da baya. A shekarar 2022 ɗin dai gwamnatin Jihar Bauchi, lokacin Dakta Aliyu Tilde na kwamishinan ilimi, ta sanar da raba maza da mata a makarantun sakandare inda hakan zai yiwu, saboda damuwa da tarbiyya. Wato al'umma ta san akwai abin da ke tafasa a cikin makarantun, tana ta neman murfi, amma ba ta son a ɗauko kyamara a leƙa tukunyar.

Kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar cewa labarin 'yan sakandare dole labarin soyayya ne. Mafi yawan abin da ke hana yarinya 'yar aji biyar barci ba saurayi ba ne. Ƙawarta ce da ta daina yi mata magana tun ranar Talata, ko ankon da aka fitar na bikin gama makaranta wanda ta san babanta ba zai iya saya ba, ko malamar da ta karanta makinta da ƙarfi a gaban aji. Makarantar mata zalla, da uwar ɗaki da 'yar ɗaki, da siniyar da ke ƙwace bokiti, da gasar karatun Alƙur'ani da muhawara tsakanin gidaje, ta ishi marubuci mai basira ya yi zango goma ba tare da namiji ya leƙo ba in ban da maigadi. Marubutanmu na littattafan da ake karantawa a waya sun riga sun gano haka, shafuka nawa suke cikawa da rayuwar hostal, kuma 'yanmata na rububinsu. Masu gajerun bidiyo na TikTok da YouTube su ma sun gano, da allo ɗaya da benci biyu suke tara dubban masu kallo. Masu kuɗin yin babban fim ne har yanzu ba su waiwayo ba.

Akwai wani mai kallo da nake yawan tunawa. A bakin shagon nan na unguwarmu, bayan 'yan yunifom sun watse, wasu yaran kan matso, masu koyon gyaran babur da almajiran da suka gama aikin gidajen da suke yi wa hidima. Sukan haɗa kai huɗu ko biyar a kan waya ɗaya, su ma fim ɗin 'yan makaranta suke kallo, fassarar Hausa, suna dariya a wuraren da kowa ke dariya. Ba su taɓa zama a ajin sakandare ba. Makarantar da suka sani ta ciki ita ce ta Mumbai da ta Seoul, ta garinsu kuwa katangarta kawai suke gani in sun wuce.

Ranar Asabar da ta wuce na dawo daga kasuwar Wunti na tarar an tare zauren gidanmu. Mamana ce da ƙawayenta uku da ƙannensu. Sun jingina faifan tuwo a bango a matsayin allo, an jera ƙananan a kan tabarma, ɗaya ta riƙe waya tana ɗauka. Mamana ta sa tabaran kakarta a ƙarshen hanci, ta riƙe tsinken tsintsiya, tana taku ɗai-ɗai irin na wata malamar ladabtarwa da ban taɓa gani ba amma nan take na san ta. Ta tsaya a kan wata 'yar ƙarama da ta makara, ta dube ta daga sama har ƙasa, ta ce, "Yau kuma wace ce ta haihu a gidanku?" Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce akuyarsu ce. Mai ɗaukar ta fashe da dariya har wayar ta suɓuce, aka ce a sake daga farko.

"Baffa, don Allah ka tsaya daga nan," in ji Mamana, "kai ne furinsifal. In ta faɗi akuyar sai ka shigo."

Na ajiye ledar cefanen a bakin ƙofa, na gyara hulata, na jira a faɗi akuyar.